Zaɓen Allah da Kiran Bishara: Abin da Ya Faru da 'Yan Baftis na Ingila

Akwai tambayar da kusan kowane ɗalibin tauhidi yakan yi a ransa idan ya kai Romawa sura 9 ko Afisawa sura 1: in dai Allah ya riga ya zaɓi nasa tun kafin a kafa duniya, mene ne amfanin wahalar da muke sha wajen yin bishara? Ba mu ne muka fara wannan tambaya ba. A ƙarni na 18 ta kusa rufe bakin wata ɗarika a Ingila, daga baya kuma amsar da aka ba ta ce ta tura William Carey zuwa Indiya.

A lokacin 'yan Baftis na Ingila kashi biyu ne. Kashi ɗaya sun gaskata Almasihu ya mutu domin kowa da kowa. Ɗaya kashin suna bin koyarwar Kalbin, suna cewa ya mutu musamman domin zaɓaɓɓu. Labarinmu na kashi na biyun ne. Kakanninsu irin su John Bunyan sun riƙe koyarwar zaɓe, suna kuma kiran masu zunubi ga tuba ba tare da fargaba ba. Ko taron Dort na 1618 zuwa 1619, wanda ake ɗauka shi ne ya tsara wannan koyarwa, ya ce wajibi ne a sanar da alkawarin bishara ga dukan al'ummai ba tare da bambanci ba.

Amma a 1707 wani fasto a Cambridge mai suna Joseph Hussey ya buga littafi yana cewa bai kamata mai wa'azi ya miƙa wa masu zunubi tayin alheri ba. Hujjarsa ita ce, mai zunubi matacce ne a ruhaniya, kiran matacce ya tashi kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne kaɗai. Aikin fasto shi ne ya bayyana gaskiya, ya yi shiru. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a cikin ikilisiyoyin Baftis, musamman ta hannun John Brine da masu bin John Gill, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana kiwon ikilisiya ɗaya a Landan. Kada mu ɗauki mutanen nan a matsayin ragwaye. Suna kishin ɗaukakar Allah ne a zamanin da da yawa suka mai da Kiristanci tarbiyyar ɗabi'a kawai. Sai dai garin gyaran gira suka rasa ido.

Mun fi ganin illar abin a rayuwar Andrew Fuller. An haife shi a 1754, ya girma a ƙauyen Soham a ƙarƙashin fasto wanda ba ya yi wa marasa tuba magana daga kan bagade. Da zunubinsa ya dame shi yana ɗan shekara 15, bai san ko yana da iznin zuwa wurin Almasihu ba, domin an koya masa cewa sai mutum ya fara ganin wata alama a zuciyarsa cewa shi zaɓaɓɓe ne kafin ya sami dama ya ba da gaskiya. Mu tsaya mu duba wannan da kyau. Yaro yana kuka don ceto, koyarwar ikilisiyarsa kuma tana aika shi ya leƙa littafin da ba a ba kowa ya karanta ba. A ƙarshe ya jefa kansa ga jinƙan Almasihu ba tare da alamar ba, kamar yadda Esta ta shiga wurin sarki ba a kira ta ba.

Da ya zama fasto a Soham a 1775, shi ma da farko bai iya kiran mutane ga tuba ba. Abin da ya warware masa ƙullin shi ne karatun Littafi Mai Tsarki, musamman Bisharar Yahaya inda Yesu yake umartar marasa ba da gaskiya su gaskata, da kuma rubuce-rubucen Jonathan Edwards na Amurka. Edwards ya bambanta rashin iyawa iri biyu. Makaho ba ya iya gani, ba kuwa mai ɗora masa laifi. 'Yan'uwan Yusufu kuma ba su iya yi masa maganar alheri ba, amma wannan rashin iyawa daga ƙiyayyar zuciyarsu ya fito, shi ne ma laifinsu. Fuller ya gane cewa rashin iyawar mai zunubi irin na biyun ne. Saboda haka ba da gaskiya wajibi ne a kan duk wanda ya ji bishara, fasto kuma wajibi ne ya kira kowa. Ya buga wannan a littafi a 1785, aka kuwa taso masa ta gefe biyu: William Button ya ce ya rushe koyarwar alheri, Dan Taylor na ɗaya kashin ya ce bai yi nisa yadda ya kamata ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Fuller bai taɓa barin koyarwar zaɓe ba. Carey ma haka. Ana ba da labari cewa a wani taron fastoci wani dattijo, John Collett Ryland, ya tsawata wa Carey ya zauna, wai in Allah ya so juyar da al'ummai zai yi ba da taimakonsa ba. Ɗan dattijon, wanda abokin Carey ne, ya ƙi yarda cewa mahaifinsa ya faɗi haka, don haka mu rage maimaita shi a wa'azi kamar tabbatacce. Abin da yake tabbatacce shi ne ɗan littafin da Carey ya buga a 1792, wanda tun daga sunansa yake magana a kan wajibcin Kirista su yi amfani da hanyoyi don juyowar al'ummai. Kalmar “hanyoyi” ita ce zuciyar gardamar. Allah da ya nufi girbi shi ne ya nufi shuka, kamar yadda Romawa 10:14-15 ta ɗaure ji da mai wa'azi, mai wa'azi kuma da aikowa.

A nan akwai abin da ya shafi harshenmu. Idan muka ce “ƙaddara”, yawancin masu sauraronmu sukan ji abin da ba makawa sai ya faru, ko mutum ya motsa ko ya kwanta. Da irin wannan fahimta Hussey zai fi Fuller saurin shiga kunne, sai malami ya yi bayani a hankali.

Ranar 2 ga Oktoba 1792 wasu fastoci kaɗan suka taru a ɗakin wata gwauruwa a Kettering, inda Fuller yake aiki tun 1782, suka kafa ƙungiyar aika masu bishara. Abin da suka yi alkawarin bayarwa fam 13 ne da sule 2 da sisi. Fuller ya zama sakatare har mutuwarsa a 1815. Carey ya isa Indiya a 1793. Ɗansa ya mutu, matarsa ta sami taɓin hankali, shekara bakwai kuma bai yi wa Ba'indiye ko ɗaya baftisma ba, sai Krishna Pal a Disamba 1800. A ganinmu koyarwar da ta rufe bakin faston Soham ita ce ta riƙe Carey a waɗannan shekaru, gama wanda ya tabbata Allah yana da mutanensa a gari, kamar yadda aka faɗa wa Bulus a Koranti, ba ya auna aikinsa da adadin shekara ɗaya.

Kada kuma mu zaci ɗaya kashin ya fi su tsira. Yawancin tsofaffin ikilisiyoyin Baftis masu cewa Almasihu ya mutu domin kowa sun karkata ga musun allahntakarsa a ƙarnin nan, suka yi ta raguwa, har sai da Dan Taylor ya kafa sabuwar haɗaka a 1770. Ba su kafa tasu ƙungiyar bishara ba sai 1816.

Gardamar ba ta mutu da Fuller ba. A Ingila William Gadsby da mabiyansa sun ci gaba da ƙin koyarwarsa, a Amurka kuma wasu 'yan Baftis suka taru a Black Rock a 1832 suka yi watsi da ƙungiyoyin bishara gaba ɗaya. Ikilisiyar John Gill kuwa, a 1854 ta kira wani saurayi ɗan shekara 19 ya zama fastonta. Sunansa Charles Spurgeon, mai riƙe da koyarwar Kalbin, wanda ya yi shekara 38 yana roƙon masu zunubi na Landan su zo wurin Almasihu.