Tsara kayan gida, wayoyin wuta da ayyukan yau da kullum cikin sauƙin kuɗi

Tsara gida shi ne a ba kowane abu wurin zamansa, a kuma mayar da shi can da zarar an gama aiki da shi. A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, iyalai da yawa na zaune a gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, inda ɗakin kwana shi ne ɗakin ajiya, shi ne wurin karatun yara, shi ne kuma wurin cajin waya. A irin wannan zama, tarkace kan jawo asarar da ta wuce rashin kyan gani: gobara daga wayar wuta, ɓatan takardar haihuwa ranar da ake nemanta, yaro ya sha abin da bai kamata ba, ko a sake sayen abin da ake da shi saboda an rasa inda aka aje. Yawancin abin da ake buƙata don kauce wa haka yana nan cikin gida: ƙusa, igiya, gwangwani, bido da buhu.

Matakin farko: rarraba kaya

Kafin a nemi wurin ajiya, sai a rage abin da za a aje. A ɗauki kusurwa guda kawai, misali ƙarƙashin gado ko saman almuwar, a fito da komai a kan tabarma, a kasa shi kashi huɗu. Kashi na farko abin da ake aiki da shi kullum. Na biyu abin da ke da lokacinsa, kamar barguna da rigunan sanyi, ko manyan tukwanen biki. Na uku abin da ke da sauran amfani amma gidan ya daina buƙatarsa, wanda za a kyautar ko a sayar. Na huɗu abin da ya mutu.

Kashi na huɗu shi ya fi cin wuri: rediyon da aka ce za a kai gyara tun bara, takalmi ƙafa ɗaya, cajar da ta daina aiki, fanka marar kai. Abin da za a gyara a sa masa rana, in ranar ta wuce a rabu da shi. Ƙarfe, alminiyom da tsohon batir na da masu saye, ƴan gwangwan na yawo unguwa-unguwa suna nemansu.

Sauran kayan kuma a bi ƙa'ida ɗaya: na kullum a tsayin hannu, na lokaci-lokaci a sama, mai nauyi a ƙasa amma bisa katako ko bulo. Kayan da aka jibge kai tsaye a ƙasa su ne maɓoyar kunama, kyankyaso da ɓera, su ne kuma ruwa ke fara kamawa in ya shigo ɗaki.

Ma'ajiyar da ba ta cin kuɗi

Ɗakin Bahaushiya tun da can ya san amfani da bango da rufi. Ragaya na riƙe ƙwarya a sama, adudu na ɓoye tufafi, faifai na rufe abinci. Wannan dabara ita ce har yanzu mafi arha.

Guntun katako da aka jera wa ƙusoshi biyar ko shida a bayan ƙofa ya isa rataye jakunkunan makaranta, hijabi, hula da makullai. Bidon mai da ya fashe, in an wanke shi an yanke samansa, ya zama mazubin takalman yara ko kayan wanki. Gwangwanin madara mai murfi na riƙe allura da zare, maɓallai ko ƙusoshi, kwalbar da aka gama da ita kuma ta riƙe gishiri, yaji da daddawa, ana ganin abin da ke ciki ba sai an buɗe ba. Bokitin fenti mai murfi, bayan an wanke shi sosai, na kare sabulu da kayan aiki daga ƙura. Tela na iya ɗinka buhun shinkafa ya fitar masa da aljihu shida ko takwas, a rataye a bango don mataji, man shafawa da tocila.

Kwali na da sauƙin samu, amma yana jan danshi, gara na cinsa, kyankyasai na hayayyafa a cikinsa. In dole sai an yi amfani da shi, a ɗora shi sama, a rubuta abin da ke ciki a gefensa.

Tarin leda ma tarkace ne. Nijar na da doka tun watan Nuwamban 2014 da ta haramta ƙera siraran ledoji, shigo da su da sayar da su, ko da yake har yau suna cike da kasuwanni. Kwando ko jakar buhu guda da aka ware don cefane na rage yawan ledar da ke shigowa gida ta ƙare a magudanar ruwa.

Wayoyin wuta, caja da ralonj

Nan ne rashin tsari ya fi haɗari. Ɗakuna da yawa bakin wuta ɗaya ko biyu gare su, don haka ake jona komai a mahaɗi mai bakuna da yawa, wanda aka fi sani da ralonj.

Kowane ralonj na da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ana rubuta ta a bayansa. Wutar gida a Nijar volt 220 ce. Ralonj da aka rubuta wa 10A na ɗaukar wat 2200, wanda aka rubuta wa 16A kuma kimanin wat 3500. Cajar waya, fanka, talabijin da ƙwan fitila ba su cin wuta sosai, duka-duka kowanne bai wuce ƴan gomman wat zuwa ɗari da wani abu ba. Amma dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki da rishon wuta kowanne na cin wat 1000 zuwa 2000, wani ma ya fi. Guda biyu daga cikinsu a ralonj ɗaya sun isa su zafafa waya har robarta ta narke. Irin waɗannan kaya a jona su kai tsaye a bakin wutar bango, ɗaya bayan ɗaya. Ralonj mai araha da siririyar waya sau da yawa ba ya kai abin da aka rubuta masa, saboda haka a riƙa taɓa shi: in ya yi zafi, ya canza launi ko yana warin ƙonewa, a daina amfani da shi.

Kada a jona ralonj a kan ralonj. Kada a bi da waya ƙarƙashin darduma, katifa ko tabarma, domin ana taka ta ba a gani, zafinta kuma ba ya fita. Kada a bar ƙofar ƙarfe ko tagar ƙarfe ta matse waya: ranar da robar ta yanke, ƙofar gaba ɗaya za ta ɗauki wuta. Doguwar wayar da ke naɗe a warware ta kafin a jona mata abu mai cin wuta. Wayar da ta fashe a canza ta, ɗaure ta da leda ba gyara ba ne.

Wurin ralonj shi ne bango. Yawancinsu na da ramuka biyu a baya don rataya a ƙusa. A kafa shi sama da inda hannun ƙaramin yaro ke kaiwa, nesa da randa da labule, a bi da wayarsa gefen bango da ƙananan ƙusoshi masu kan roba da ake sayarwa a shagon kayan wuta. Ƙusa ta riƙe waya daga gefe, kada ta huda ta.

Don cajin wayoyin salula, a ware wuri guda: ɗan katako a bango ko saman teburi. Batirin waya ba ya son zafi, don haka kada a yi caji a kan katifa, ƙarƙashin matashi ko a cikin rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Batirin da ya kumbura a daina cajinsa. Caja kuma a wuyanta take mutuwa, wurin da waya ta haɗu da kai. A riƙa cire ta ta hanyar kama kan, a naɗe ta sako-sako kamar faɗin tafin hannu, a ɗaure da ƙyallen tela ko zaren robar cikin taya. In kowa a gida ya ɗaura wa cajarsa zare mai launi daban, gardamar “wa ya ɗauki tawa” ta ƙare.

In an ɗauke wuta, a cire talabijin da firigo daga bango, a bar ƙwai ɗaya a kunne don a san ta dawo, a ɗan jira ta daidaita kafin a mayar. Gidan da ke da sola ya aje batirinsa a wuri mai iska, bisa katako, nesa da murhu da yara.

Kowane babba a gida ya san inda disjoncteur yake kusa da kwantar NIGELEC, kuma kada a jibge kaya a gabansa. In wuta ta kama daga waya, shi ake fara kashewa. Ba a watsa ruwa kan abin da ke jone da lantarki. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Takardu

Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, katin ɗan ƙasa, takardun fili, difloma irin su BEPC da BAC, da karnen rigakafin yara, duk a haɗa su wuri ɗaya. Kowane mutum a ba shi ambulan ɗinsa da sunansa, a sa duka a jakar roba mai zif, a saka cikin akwatin ƙarfe, a ɗora sama. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa a Maradi da Damagaram, ta nuna amfanin haka: jaka ɗaya ana iya fita da ita cikin dare, takardun da ke warwatse a ƙarƙashin katifa da cikin littattafai kuwa ruwa ke riga mai su.

A yi fotokwafin kowace takarda, a kai ma'aikatar magajin gari a buga mata hatimin shaida, a riƙa yawo da kwafin a bar ta asali a gida. A kuma ɗauki hoton kowacce da waya, a aika wa wani amintacce a dangi ko a aje a imel, don ko wayar ta ɓata. Rasiɗin haya da takardun biyan wuta da ruwa a soke su a waya ko ƙusa guda, wata bayan wata.

Magani da guba

Magunguna su zauna a akwati mai murfi, a sama, a wurin da ya fi sanyi a ɗakin, cikin kwalinsu na asali da ke ɗauke da ranar lalacewa. Kananzir, fetur, ruwan javel, fiya-fiya da maganin ɓera su zauna nesa da abinci, inda yaro ba ya kaiwa. Kada a taɓa zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwa, domin yaro mai ƙishi kwalbar yake gani. Ƙananan batura masu kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa, su ma a ɓoye su: in yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin ƴan awoyi, sai a garzaya da shi likita nan take.

Ayyukan yau da kullum

Gida na komawa yadda yake cikin mako guda in ba a riƙa mayar da kaya wurinsu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura ƙananan ayyuka a kan lokutan da kowa ya riga ya sani. Bayan asuba a naɗe shimfiɗa da gidan sauro, a yi shara. Bayan la'asar a kwashe shanya a ninke ta nan take. Bayan isha'i a ɗauki minti goma kowa ya mayar da abin da ya ɗauko, yara su haɗa littattafai da kayan makaranta, a rataye makullin babur a ƙusarsa. A unguwannin da famfo ke zuwa da dare, kamar yadda mazauna Damagaram suka saba, a jera bidoji a wanke tun da yamma.

Kalanda ɗaya a bango ta isa riƙe abin da ake mantawa: ranar biyan haya, wuta da ruwa, zubin adashi, da ranar rigakafin jariri, wanda ake yi da haihuwa, sannan a mako na 6, na 10, na 14, da wata na 9. A gefenta a rataye allo ko guntun kwali, duk abin da ya kusa ƙarewa a madafa a rubuta shi, a tara zuwa ranar kasuwa: Litinin da Juma'a a Maradi, Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa. Mai zuwa kasuwa da rubutu a hannu ba ya sayo abin da ke gida.

A raba aiki da suna, maza da mata. Yaro ɗan shekara biyar na iya jera takalma, ɗan shekara goma ya zubar da shara ya cika randa. A gidan haya mai iyalai da yawa, a rubuta ranakun sharar tsakar gida da wankin bayi a manna a bango, kowa ya san tasa.

Babban gyara sau biyu a shekara

Na farko a watan Mayu, kafin damina. A duba rufi, a yashe magudana, a ɗaga kaya daga ƙasa, a janye duk wayar wutar da ke bi ta tsakar gida. A kife ko a zubar da tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da fasassun tukwane, domin sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kimanin kwana goma a ruwan da ya kwanta. Barguna a wanke su, a shanya su bushe sarai, a aje a buhu tare da busasshen ganyen dogon yaro.

Na biyu a watan Nuwamba, in hunturu ya kunno kai. A fito da kayan sanyi a shanya, a rufe talabijin da sauran na'urori da ƙyalle in ba a aiki da su, a kakkaɓe ƙurar da ke taruwa a bakunan ralonj bayan an cire shi daga wuta. Lokacin ne kuma ake shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi, iska na kaɗawa, komai ya bushe, saboda haka a nisanta tufafi, kwalaye da katifu daga murhu, a bar taga a buɗe, a fitar da wutar kafin a kwanta.