Kan Sarki da Tarihin Lantarki



Da yawanmu muna wucewa ta gaban babban gidan waya na titin Yakubu Gowon ba tare da mun waiwaya ba. Amma sunan wurin kansa tarihi ne: daga wayar tangaraho ya samo asali, wato hanyar aika saƙo da lantarki. Shi kuwa kan sarki, ya ci sunansa ne daga kawunan sarakunan Ingila da ake bugawa a jikinsa. Na farko da aka buga wa Arewacin Najeriya a 1900 yana ɗauke da hoton Sarauniya Victoria.

Bayan samun 'yanci ƙasashe suka riƙa amfani da wannan 'yar takarda wajen karrama masana. A 1976, da tarho ya cika shekara 100, Najeriya ta fitar da kan sarki mai hoton Alexander Graham Bell. Amurka ta karrama injiniyoyi huɗu a 1983: Nikola Tesla, Charles Steinmetz, Edwin Armstrong da Philo Farnsworth. Tsarin lantarkin da Tesla ya inganta, wanda ake iya ɗaga ƙarfinsa da taransifoma a tura shi nesa, shi ne ke kawo mana wuta har Unguwar Rimi da Kawo. Ingila ma ta tuna da Michael Faraday a 1991, wanda ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da waya yana haifar da lantarki. Duk janareton da ke ƙara a unguwanninmu a kan wannan ka'ida yake aiki.

A nan gida kuwa, a 1969 aka yi bikin buɗe madatsar ruwa ta Kainji. Amma kada mu manta da mutanen tsohuwar Bussa da ruwa ya cinye garinsu, da ma'aikatan da suka ja waya cikin daji har ta iso Kaduna. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka kafa NEPA.

Waɗannan ma'aikata iyayenmu ne da kakanninmu, kuma suna ta ƙarewa. Wanda ke da tsohon ma'aikacin lantarki a gida, ya zauna da shi ya rubuta sunansa da wuraren da ya yi aiki. Mai tsofaffin wasiƙu a adaka kuma ya duba ambulan ɗin kafin gara ta riga shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.