Ganuwar Maiden Castle: yadda ƙasusuwa suka gyara labarin da ya shekara 80

Idan ka bar garin Dorchester da ke kudu maso yammacin Ingila ka yi 'yar tafiya cikin gonaki, za ka hango wani tudu mai kama da an yi masa rawani hawa-hawa. Wannan shi ne Maiden Castle. Babu bene, babu hasumiya, sai ciyawa da tumaki suna kiwo. Amma da ka fara hawa za ka gane hannun mutum ne ya sassaƙa tudun: ganuwa ta ƙasa, sai rami mai zurfi, sai wata ganuwar, sai wani ramin. Filin da ke ciki ya kai kimanin hekta 19.

Irin waɗannan garuruwa na kan tudu suna da yawa. Wani kundi da masana suka fitar a 2017 ya lissafo guda 4,147 a Birtaniya da Ailan. Maiden Castle na cikin mafiya girma. Mutane sun fara amfani da tudun sama da shekara 5,000 da suka wuce, amma ganuwar farko ta zamanin ƙarfe an yi ta ne wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya aka faɗaɗa garin, aka ƙara ganuwoyi. A ciki an samu gurabun ɗakuna masu zagaye da ramukan ajiye hatsi. Ƙofofin kuwa sai ka bi su da ƙafa za ka fahimce su, domin hanyar tana karkacewa dama da hagu tsakanin ganuwoyi, yadda baƙo ba zai iya shiga kai tsaye ba.

Mazauna wurin ba su bar rubutu ba. To, daga ina muka san labarinsu? Daga abin da aka tono.

Tsakanin 1934 da 1937, Mortimer Wheeler ya jagoranci aikin tono a wurin, tare da matarsa Tessa wadda ta rasu a 1936. Kusa da ƙofar gabas sun samu tarin duwatsun majajjawa fiye da 20,000, sannan suka samu kaburbura. Wasu ƙoƙunan kan suna ɗauke da sara, wani mutum kuma da ƙarfe kafe a ƙashin bayansa. Wheeler, wanda tsohon sojan igwa ne, ya haɗa wannan da mamayar da Rumawa suka fara a shekara ta 43 Miladiyya. A rahotonsa na 1943 ya zayyana yadda rundunar Vespasian ta afka wa garin ta karkashe mutanensa. Labarin ya yi daɗi, ya shiga littattafai, masu yawon buɗe ido suka yi ta maimaita shi.

Sai dai akwai abin da bai zauna ba. An binne mamatan cikin tsari, wasu da tukwane, wasu har da nama. Mutanen da aka ci garinsu da yaƙi, ina suka ga sukunin wannan? Niall Sharples, wanda ya sake tono a 1985 da 1986, yana cikin waɗanda suka nuna shakku.

Abin da Wheeler ba shi da shi a lokacin shi ne hanyar auna shekarun ƙashi, domin sai a ƙarshen shekarun 1940 Willard Libby ya samar da ita. Ga yadda take aiki a taƙaice. Duk mai rai yana shigar da sinadarin kabon-14 jikinsa ta hanyar abinci. Da ya mutu, shigarwa ta tsaya, wanda ke jikin kuma ya riƙa raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage, za a ƙiyasta lokacin mutuwa.

A 2025 masu bincike daga Jami'ar Bournemouth suka wallafa sakamakon irin wannan awo a kan ƙasusuwan. Mutanen dai kisan gilla aka yi musu, wannan ba musu. Amma ba rana ɗaya suka mutu ba. Sun mutu ne a lokuta daban-daban cikin gomman shekaru, daga ƙarshen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa farkon ƙarnin da ya biyo baya. Alamu sun fi nuna rikici ne tsakanin 'yan ƙasar su ya su.

Abin lura shi ne an iya gyara kuskuren Wheeler saboda shi kansa ya rubuta inda ya samu kowane abu, aka kuma adana ƙasusuwan. Don haka idan ka ziyarci wani kufai, ko a can ko a nan gida, ka ga katangar tukunya ko kashin maƙera a ƙasa, ɗauki hotonsa ka bar shi inda yake. Da ka sa shi a aljihu, ka raba shi da wurin da zai faɗi shekarunsa, mai binciken da zai zo bayanka kuma ba shi da yadda zai mayar da shi.