Yadda Ruwa Ya Shiga Cikin Kwamfuta, Ya Fita, Ya Sake Dawowa

Kwanakin nan duk inda ka leƙa maganar ƙirƙirarriyar basira ake yi, kuma cikin abin da ake yawo da shi har da cewa wai tana shan ruwa. Wasu sun ɗauka almara ce, wasu kuma gani suke duk tambayar da ka yi wa ChatGPT sai an tuttula masa kwalba guda. A gefe ɗaya ga matasanmu 'yan gem suna ta tura hotunan wasu ƙananan kwamfutoci masu bututu, ruwa mai launi yana zagayawa a ciki, akwatin gaba ɗaya bai fi kwalin takalmi da yawa ba. To abubuwan nan biyu labarinsu ɗaya ne, kuma labarin ya girmi yawancin masu karanta wannan rubutu.

Mu fara daga tushe. Duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa, kusan ba ragi. Kwamfutar da ke jan wat 900 tana dumama ɗaki kusan yadda dutsen guga zai dumama shi in aka bar shi a kunne. ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Amurka a 1946, tana da kwalaben lantarki sama da 17,000 masu kama da ƙwan fitila, tana jan kilowat 150, sai da aka yi mata manyan fankoki na musamman. Ku riƙe wannan adadi na 150, za mu dawo kansa.

Me ya sa ruwa? Domin lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai iska ta kai kusan lita 3,500 za ta ɗauka. Bakanike ya san wannan tun kafin a san kwamfuta, shi ya sa mota take da lagireto. Kamfanin IBM ya bi wannan hanya a ƙarshen shekarun 1960 da injinsa System/360 Model 91, wanda hukumar NASA ta fara karɓa. Amma inda suka nuna gwaninta sosai shi ne a injin 3081 na farkon shekarun 1980. Sun jera cip kusan ɗari, wato 'yan falefalen silikon ɗin da ke yin lissafi, a kan faranti ɗaya. Kowane cip aka ɗora masa ɗan sandan ƙarfe mai sifirin yana danna shi, aka cika wurin da iskar hiliyom saboda ta fi iskar da muke shaƙa isar da zafi, sannan aka kifa farantin da ruwan sanyi ke ratsawa a sama. Banki ko kamfanin jirgin sama da ya sayi irin wannan inji, dole ya tanadi mai gyaran famfo kamar yadda zai tanadi injiniya.

Shi kuwa Seymour Cray ya wuce nan. Injinsa Cray-2 na 1985 ya cusa alluna kusa da juna har iska ba ta da wurin wucewa, sai kawai ya tsoma su gaba ɗaya cikin wani ruwan sinadari na kamfanin 3M mai suna Fluorinert, wanda ba ya ɗaukar lantarki. Dalilinsa abin lura ne: yana son wayoyi su zama gajeru don saƙo ya riƙa isa da wuri, gajerun wayoyi kuma na nufin ƙaramin akwati, ƙaramin akwati na nufin zafi ya taru wuri ɗaya. Wannan ita ce dai matsalar da yaron da ke haɗa kwamfutar gem mai lita goma yake fama da ita yau.

Sai ruwa ya fita. A 1994 IBM ya fara mayar da manyan injinansa kan fasahar CMOS, irin tiransiston da ba ya cin wuta sosai, fanka kaɗai ta isa. Aka cire bututu, aka yi murna, an ɗauka an rabu ke nan.

Abin mamaki, daidai lokacin da manya suka ajiye ruwa ne yara suka ɗauka. A 1998 Intel ya fitar da wani furosesa mai araha, Celeron 300A, sai masu ƙwaƙwa suka gano cewa da ɗan sauyi a saiti zai tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ya kamo wanda ya ninka shi kuɗi. Daga nan tsere ya ɓarke, kowa yana son ya matsa wa injinsa ya yi gudun da ya wuce wanda aka rubuta masa. Gudu kuma da zafi yake zuwa. A 2001 shafin Tom's Hardware ya saki wani bidiyo da ya yi tashe, inda aka cire wa furosesan AMD Athlon abin sanyayawa yana cikin aiki, cikin daƙiƙu ya yi hayaƙi ya ƙone.

Wannan zamani shi ne ya fi burge ni a duk labarin, domin babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka kayan sanyaya kwamfuta da ruwa. Mutane a garejin gidajensu a Amurka da Jamus da Ostireliya suke haɗawa. Lagireto, sai a je inda ake yanka tsofaffin motoci a ciro ɗan ƙaramin na hita, wanda ke dumama cikin mota lokacin sanyi; na wata mota Chevrolet Chevette ya yi suna a wajensu saboda girmansa ya dace da fanka. Famfo, sai a sayi na kamfanin Eheim wanda aka yi don akwatin gilashin kiwon kifi. Abin da za a ɗora a kan furosesa kuwa, mutum zai samo dunƙulen jan ƙarfe ya huda shi da kansa, ya toshe ramuka, ya liƙe da dalma. Tiyo daga shagon kayan gini. Duk wanda ya taɓa zama wajen masu gyaran lagireto a bakin titi zai gane irin wannan aiki, bambancin kawai su nasu in ya yi yoyo kan allon dala ɗari biyu yake zuba.

Har gobe sana'ar ba ta rabu da wannan asali ba. Zaren da ake ɗaura mahaɗan bututu da shi, wanda ake kira G1/4, ma'aunin masu aikin famfo ne na Ingila. Famfunan nan biyu da kusan kowa ke amfani da su, D5 da DDC, ƙirar kamfanin Laing ne na Jamus, wanda asalin harkarsa zagaya ruwan zafi ne a gidaje. Kuma a wancan lokacin ne suka koyi darasin da bakanike ya daɗe da sani: in ka haɗa jan ƙarfe da alminiyon a ruwa ɗaya, alminiyon ɗin zai riƙa cinyewa a hankali har ya huje.

Daga gareji aka samu kamfanoni: Swiftech da Danger Den da Koolance a Amurka, EKWB a Sulobeniya wanda Edvard König ya kafa. Manya ma suka leƙo. A 2004 Apple ya fitar da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa, kuma Delphi, kamfanin kayan mota, shi ya ƙera masa. Bayan 'yan shekaru wasu suka fara yoyo suna lalata injin. A wannan shekarar dai Intel ya soke shirin fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, zafi ya tare hanya, aka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas a cip ɗaya. A 2009 Corsair ya fito da H50, ƙirar kamfanin Asetek na Denmak: famfo da tiyo da lagireto a haɗe a rufe, ka ɗaura kawai. Wannan ya kai ruwa gidan kowa. Sai masu haɗawa da hannu suka rasa abin taƙama, suka nemi wani fagen mai wuya, suka same shi a ƙanƙanta.

A nan sai mun ɗan koma baya. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da wani ma'aunin madabod mai suna Mini-ITX, santimita 17 tsawo, 17 faɗi. Ba don gem aka yi shi ba, don ƙananan injina marasa cin wuta ne, irin na kanti da na falo. Shekaru suka ja har aka fara samun allo mai wannan girma da zai ɗauki furosesa mai ƙarfi da katin hoto cikakke, wanda 'yan harka ke kira GPU. Sai ya zama akwati ne babu, manyan kamfanoni ba su ga kasuwa a ciki ba. A 2013 wasu masu sha'awa biyu suka zana nasu, NCASE M1, lita 12.6, jama'a suka tara musu kuɗi ta intanet, kamfanin Lian Li ya ƙera. A 2016 wani Bajamushe, Daniel Hansen, ya fito da DAN A4-SFX, lita 7.2, ya jingina katin hoto a bayan madabod suna ba juna baya. Ku kwatanta da akwatin da muka saba gani a ofis da shagon buga takardu, wanda na 'yan gem irinsa kan kai lita 40 zuwa sama.

Matsalar ita ce akwati yana raguwa, wuta tana ƙaruwa. Katin GTX 1080 na 2016 wat 180 yake ja. RTX 4090 na 2022, wat 450. RTX 5090 na farkon 2025, wat 575. Ƙara furosesa irin Core i9-14900K mai kaiwa 253, ka wuce 800 ke nan, a cikin abin da bai kai rabin jarka ba. Amfanin ruwa a nan biyu ne. Katin da ya zo da tulin ƙarfe da fankoki uku, in ka tuɓe shi ka sa masa farantin ruwa sai ya zama siriri, ka samu fili. Sannan bututu yana ba ka damar kwaso zafi daga tsakiyar cunkoso ka kai shi bango, inda lagireto zai haɗu da iskar waje.

To a nan fa nake son masu sha'awar abin a wajenmu su tsaya. Ruwa ba ya kashe zafi, dako kawai yake yi, ya ɗauko daga kan cip ya sauke a lagireto, lagireto ya miƙa wa iskar ɗakinka. Saboda haka ruwan ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba, kullum yana samansa. A ƙaramin akwati mai lagireto ɗaya ko biyu sirara, ba abin mamaki ba ne ruwan ya ɗara ɗaki da digiri 15 ko 20 in ana aiki mai nauyi. Masu gwajin da kuke kallo a YouTube yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke. Kai kuma kana Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, ɗaki ba esi, digiri 38 ko 40. Yi lissafin da kanka: ruwanka ya doshi 60, wanda shi ne iyakar da aka saba rubuta wa famfunan nan, kuma bututun roba mai tauri irin PETG tun kafin nan yake fara laushi ya saki mahaɗa. Ga ƙurar hunturu mai toshe haƙoran lagireto cikin 'yan makonni. Ga shi in zoben roba ɗaya ya lalace sai ka yi odar sa daga waje. A ganina wanda ba shi da ɗaki mai sanyi da tsayayyiyar wuta, babban akwati da fanka mai kyau sun fi masa, ko da hoton ba zai yi kyau a Instagram ba. Wanda kuma ya nace, ya rage wa katin wuta a saiti, ya yi amfani da tiyo mai laushi, ya sa ma'aunin zafin ruwa, kuma ya gwada yoyo na awanni kafin ya ba allon wuta.

Yanzu mu koma kan manya. Katin da aka ƙera don gem shi ya haifi wannan zamani: a 2012 Alex Krizhevsky da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto sun horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet a kan katin GTX 580 guda biyu, irin wanda ɗan gem ke saya a kanti. Daga nan Nvidia ya tashi daga mai sayar wa yara kati ya zama mai sayar wa manyan kamfanonin duniya. A Maris 2024 ya nuna GB200 NVL72, kabad ɗaya mai tsayin mutum da ɗoriya, GPU 72 a ciki, yana jan kusan kilowat 120. Kun tuna ENIAC da 150 ɗinta a zaure guda? An kusa tara wannan a kabad ɗaya, kuma dalilin cunkoson irin na Cray ne, a gajarta waya. Iska ba za ta iya ba. Da farantin jan ƙarfe da bututu da famfo yake zuwa, tsarin da yaran gareji suka riƙe shekara ashirin da wani abu.

Sai maganar shan ruwa. Ruwan da ke zagaya cikin kabad a rufe yake, kamar na ɗan gem, ba ya ƙarewa. Inda ake shan ruwa shi ne matakin ƙarshe, wajen fitar da zafin daga ginin. Hanya mafi araha ita ce ta randa: a bar wani ruwan ya zama tururi ya tafi da zafin. Lita ɗaya in ta bi iska tana tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wuta. Wato kabad mai kilowat 120, in da wannan hanya kaɗai aka dogara, zai ƙone kusan lita 180 a awa, jarka bakwai ke nan, dare da rana, kuma gini ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwansu. A garin The Dalles na jihar Oregon, sai da aka je kotu da wata jarida kafin a bayyana, a ƙarshen 2022, cewa cibiyoyin Google sun sha sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin a 2021. Microsoft da kansa ya ce ruwan da ya yi amfani da shi ya ƙaru da kashi 34 cikin ɗari a 2022. A Yurugwai, lokacin farin 2023, mutane sun yi bore kan cibiyar da Google ke shirin ginawa, daga baya aka sauya tsarin zuwa na iska.

Akwai wata hanyar. Ana iya rufe komai a fitar da zafin da manyan lagireto da injinan sanyi, ba a ƙona ruwa, amma sai a ƙara cin wuta, musamman a ƙasa mai zafi. Masu sanyi kuwa riba suke ci: tun 2010 IBM ya kafa injin Aquasar a jami'ar ETH ta Zurik, ana sanyaya shi da ruwa mai ɗumin digiri 60, ruwan da ya fito kuma a dumama gine-ginen makarantar da shi. Mu ba mu da ginin da ke neman dumi wata tara a shekara. Don haka in aka ce za a kafa irin wannan cibiya a Legas ko Abuja ko Kano, abin da ya kamata a nemi masu ita su faɗa tun kafin a aza tubali shi ne ta wace hanya zafin zai fita, lita nawa za a ja a rana a watan Afrilu, daga wace rijiya ko wane dam, kuma megawat nawa daga wane layi.