Zauren Ƙasa da Kuɗin Hayarsa: Tarihin Babban Gidan Wasanni na Akra

Duk wanda ya taso daga Nima ko Mamobi ya nufi tsakiyar birnin Akra, zai ga wani farin gini mai kama da jirgin ruwa a mahaɗar titin Independence da titin Liberiya. Shi ne Babban Gidan Wasanni na Ƙasar Gana. Da yawa daga cikin 'yan Zango sun sha wuce shi a mota ba su taɓa taka ƙofarsa ba, kuma babban dalilin hakan shi ne kuɗi: kuɗin tikiti ga mai kallo, da kuɗin haya ga mai son shirya wasa.

Kafin a kafa wannan gini, wani ƙaramin gida ne a filin. Marubuciya Efua Sutherland ce ta assasa shi, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe shi a 1961. An fasalta shi kamar tsakar gidan gargajiya, fili a tsakiya, 'yan kallo a kewaye. Ba ya cin wutar lantarki mai yawa, ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka ɗawainiyarsa kaɗan ce, matasa marubuta na samun wurin gwada basirarsu.

A wancan zamani, wasan da talakawa suka fi sani shi ne Konsat Fati, wanda ya haɗa barkwanci da kiɗan hailaif. Ƙungiyoyi irin ta E. K. Nyame kan bi gari-gari a mota, su kama gidan silima ko tsakar gidan wani attajiri na dare ɗaya, su biya daga abin da aka tara a ƙofa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, dokar hana fitar dare ta yi sama da shekara 2 tana aiki, ta karya kasuwar wasan dare. Daga baya bidiyo ya shigo, gidajen silima da dama suka koma coci-coci ko ɗakunan ajiya. Masu wasa suka rasa zauren da aljihunsu zai iya ɗauka.

A cikin wannan hali gwamnatin Jerry Rawlings ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin don gina gidan wasanni na ƙasa. Jagoran al'amuran al'adu na lokacin shi ne Dokta Mohammed Ben Abdallah, haifaffen Kumasi, marubucin wasan kwaikwayo wanda ya gina labarin ɗaya daga cikin wasanninsa a unguwar Nima. An fara aiki a 1990, aka rushe gidan Efua Sutherland, aka sake gina irinsa a Jami'ar Gana da ke Legon. A ƙarshen 1992 aka kammala sabon ginin, da babban zaure mai ɗaukar mutum kusan 1,500. Ƙungiyoyi 3 na ƙasa suka tare a ciki: ta raye-raye, ta kaɗe-kaɗe, da ta wasan kwaikwayo mai suna Abibigromma.

Daga nan lissafi ya sauya. Zaure mai wannan girma ba a kunna shi da araha. Fitilun dandamali, na'urorin sauti, sanyaya ɗaki, masu gadi da masu shara, duk suna cin kuɗi ko mutum 100 ne suka zo ko 1,000. Ga shi ginin ya zo a zamanin da Gana ke bin tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ta shiga tun 1983. Gwamnati na biyan albashi, amma ana sa ran gidan ya nemo wani kaso na ɗawainiyarsa da kansa, kuma hanya mafi kusa ita ce haya. Wanda ya fi iya biya kuwa shi ne kamfani mai taron shekara ko coci mai babban biki. Ƙaramar ƙungiyar wasa, idan ta kama zauren, dole ta ɗora kuɗin a kan tikiti; tikiti ya yi tsada, kujeru su zauna wayam, ta fita da bashi. A shekarun ɗauke wuta da ake kira dumso, musamman 2014 da 2015, kuɗin man janareta ya ƙara wa masu shirya wasa nauyi.

Amma tarihin gidan ya nuna cewa akwai mafita. A tsakiyar shekarun 1990, hukumar gidan ta haɗa kai da ƙungiyoyin Konsat Fati da gidan talabijin na ƙasa, kamfanin Unilever ya ɗauki nauyi da sunan sabulunsa Key Soap. Mai talla ya ɗauke kaso mai tsoka na kuɗin, tikiti ya sauko, 'yan kasuwa da direbobi da leburori suka cika zauren da ake yi wa kallon na manya. A nan irin su Bob Okala da Nkomode da Agya Koo suka yi suna a faɗin ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasin a fili yake. Farashi ɗaya ga kowa yana kore ƙarami tun daga bakin ƙofa. Adalci shi ne a bambanta kuɗin kamfani da na makaranta da na ƙungiyar unguwa, a sauƙaƙa ranakun tsakiyar mako da zaure ke zaune babu kowa, a kuma yarda da raba abin da aka samu a ƙofa maimakon neman kuɗi duka tun kafin wasa.

Mu ma 'yan Zango muna da namu aikin. Matasanmu na shirya wasannin Hausa a harabar makarantun Islamiyya da kan titi lokacin Sallah, kuma jama'a na cika wurin. Idan ƙungiyoyin Nima da Sabon Zango da Madina suka haɗa kai, suka nemi attajiranmu su tsaya musu, suka je wa hukumar gidan da murya ɗaya, za su iya neman rana da farashin da ya dace da su. Gidan na ƙasa ne, kuma harajinmu na cikin abin da ke riƙe da shi.