Ƙafar Bindiga: Tarihin Ƙarfen Da Kake Gani A Bidiyo, Daga Wurno Zuwa Giginya

In kana yawan kallon bidiyon maharban Turai da Amurka a YouTube ko TikTok, na san ka taɓa ganin wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu a ƙarƙashin hancin bindiga. Mutum zai buɗe su, ya kafa a ƙasa, ya kwanta rub da ciki sannan ya saita. Za ka ga har gardama suke yi a kan wadda ta dace da ƙaramar bindiga irin ta harbin zomo. Kai kuma kana Wurno ko Rabah ko Goronyo, sai ka ce me ya haɗa ni da wannan? To akwai abin da ya haɗa ka, domin ƙafar bindiga tana cikin abubuwan da suka juya tarihin ƙasarku. Bi ni a hankali.

Matsalar da ƙafar ta zo warwarewa

Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak. Numfashi yana motsa shi, bugun zuciya ma haka, ga gajiya. Gwada da wayarka yanzu: buɗe kyamara, ka jawo hoton wani abu mai nisa har ƙarshe. Ka ga yadda hoton yake rawa? Motsin da bai kai kaurin gashi ba a hannunka, can nesa ya zama taku guda. Haka abin yake ga maharbi.

Shi ya sa tun ƙarni na 16 sojojin Sifen suke yawo da sanda mai gwafa. Bindigarsu ta yi nauyin da ba a iya riƙe ta a miƙe, sai a kafa gwafar a ɗora hancin a kai. Maharban Afganistan da na Tibet kuwa ƙafafu biyu suke ɗaura wa dogayen bindigoginsu. Maharbinmu na gida da ke jingina adakarsa a reshen itace, dabarar ɗaya ce.

Zamanin kwari da baka

A nan ƙasar Sakkwato, bindiga ta daɗe ba ita ke yanke hukunci ba. A Tabkin Kwatto cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu sun rinjayi rundunar Sarkin Gobir Yunfa, alhali yawancinsu 'yan baka ne masu tafiya ƙasa.

Bayan shekara 22, a 1826, Baturen nan Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa birni bayan faɗuwar Alkalawa. Abin da ya rubuta zai ba ka mamaki. Runduna ce ta dubban mutane, amma bindigogin cikinta arba'in ne da 'yan kai, kuma duk a hannun bayi suke. Kowane ya harba sai ya ruga baya, inda kibiya ba ta kaiwa, ya sake ɗurawa. Ka ji ma'anar sunan harba-ka-ruga. A cikin birnin kuwa bindiga ɗaya tak ya lura da ita, amma ita ta kayar da ɗan lifidin da ke kan gaba. Lura da bambancin. Ɗaya yana bayan ganuwa a natse, sauran suna harbi suna gudu.

Bayan wannan ne Bello ya mayar da hankali ga gina Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaro da ke fuskantar Gobirawa ta kwarin Rima. A can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Rabah ma ribaɗi ce. Ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya zauna a can kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873, kuma shi ne kakan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin. Ƙarfin waɗannan garuruwa ganuwa ce da doki da baka. Lokacin da Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, haka tsarin yake.

A wancan zamani in aka ce 'yan bindiga, ana nufin rukunin dakarun sarki masu harbi da albarushi. Ka riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

Me ya sa bindigar zamani ba ta yawaita a nan ba?

Na farko nisa. Sakkwato ba ta kusa da teku, duk bindigar da za ta iso sai ta ratsa hannaye da yawa, ko ta Nufe ko ta hamada. Na biyu doka. A 1890 ƙasashen Turai sun rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Tsofaffin masu ƙanƙara da albarushi ne aka bari su shigo.

Wanda ya samu na zamani kuwa ya nuna abin da suke iya yi. Rabeh, wanda ya fito daga Sudan (kar ka haɗa shi da garin Rabah), ya ci Borno a 1893 da dakarun bindiga masu horo. Shi ma Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900.

Mai ƙafa uku ta iso

A 1884 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Hiram Maxim, ya ƙera bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi da ƙarfin tunkuɗar harbin da ya gabata. Tana iya sakin harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Saboda zafi, an kewaye hancinta da tulun ruwa. Hausawa suka sa mata suna mai-ruwa.

Ga inda maganarmu take. Jikinta kaɗai ya haura kilo 25. Ba mai iya saɓa ta a kafaɗa ya harba. Sai an ɗora ta a kan ƙafa uku ko a kan taya take zama makami. Me ya sa uku? Tambayi mai girki. Tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu, amma murhu mai uku ko ƙasa ba daidai take ba zai riƙe ta. Mai ƙafa biyu dole jikin mutum ya zama ƙafa ta ukun, shi ya sa ta fi dacewa da bindiga marar nauyi. Mai uku kuwa ta tsaya da kanta, maharbin juya ta kawai yake yi dama da hagu.

Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi zamansa a Wurno, ya rasu a Oktoban 1902, Attahiru na Ɗaya ya gaje shi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ranar 15 ga Maris sojojin Ingila suka tsaya a filin Giginya, bakin birnin Sakkwato. Kimanin mutum ɗari bakwai ne, yawancinsu ma 'yan Afirka ne, suna da mai-ruwa huɗu da igwa huɗu. A gabansu dubban mahaya da dakaru. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suka kafa bindigoginsu. Kafin rana ta take an gama. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, akwai waɗanda suka tsaya a gindin tuta har aka kashe su. Amma doki ba ya iya ratsa filin da ake share shi da harsashi ta wannan hanya.

Waziri Buhari ya janye zuwa Marnona, nan ƙasar Wurno, kafin ya dawo a yi sulhu. Attahiru ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903.

Ranar da ba a kafa ta ba

Za ka iya cewa ai ƙarfin bindigar ne, ƙafa me ta yi? To saurari Satiru. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 wata ƙaramar rundunar Turawa a kan dawaki ta nufi wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato. Sun yi gaggawa, mai-ruwansu tana baya. Mutanen Satiru, da gatura da fartanyu da baka, suka auka musu kafin su daidaita sahu. Turawa uku suka mutu tare da sojoji fiye da ashirin, bindigar kuma ta faɗa hannun mutanen gari ba tare da an kafa ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ramuwar ta yi muni. Ranar 10 ga Maris aka dawo da shiri, aka kashe mutane kusan dubu biyu, aka rushe garin. Makami iri ɗaya, wata ɗaya tsakani, sakamako ya sha bamban.

Daga uku zuwa biyu

A yaƙin duniya na ɗaya aka yawaita amfani da masu sauƙin nauyi irin su Lewis, waɗanda mutum ɗaya zai ɗauka, da ƙafafu biyu a gaba. A yaƙi na biyu sai Bren, wadda sojojin Najeriya suka riƙe a dazukan Burma. Daga soja ne abin ya gangaro zuwa maharba da 'yan wasan harbin saiti, har ya zama wanda kake gani a waya.

Gardamar da suke yi wajen zaɓe kuwa tsohuwa ce. Tsawo: mai inci 6 zuwa 9 ta kwanciya ce ko ta kan tebur, in ciyawa ta yi tsawo sai mai inci 9 zuwa 13. Nauyi: ƙaramar bindiga in aka rataya mata ƙafa mai nauyi, gabanta sai ya rinjaya. Ƙasa: tafin roba na kan dutse da siminti ne, mai tsini na ƙasa mai laushi. Sai mahaɗi, domin in yana girgiɗi, komai tsadar ƙafar aikin banza ne.

Yau kuma fa?

Mu dawo kan kalmar nan. Yau in ka ce 'yan bindiga a Goronyo, ba wanda zai tuna dakarun sarki. Harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 za a tuna, wanda ya ci rayuka fiye da arba'in. A shekarar ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Goronyo da Rabah. Duk mai waya a yankin ya san yadda ya ji.

Don haka ka san doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida uku. Irin na soja haramun ne sai da lasisin shugaban ƙasa. Na farauta, har da ƙaramar nan da kake gani a bidiyo, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. In ka ga ana tallar kayan bindiga a Facebook ko WhatsApp, wuce abinka. Kada ka ɗauki hoto da makami don neman mabiya, hoto ɗaya yana iya jefa ka cikin abin da ba ka shirya ba.

In ƙafa kake son saye, sayi ta waya. Ƙa'idojin nan huɗu duk suna aiki a kanta. Duba tsawon da ya kai idonka. Duba ko za ta ɗauki nauyin wayarka ba ta kife ba. Tuna inda za ka kafa ta, yashin bakin dam ne ko simintin shago. Sannan ka girgiza mahaɗin da hannu tun a gaban mai kaya, kafin ka biya.

Ranar da ka je ziyara Wurno, kafa ta ka ɗauko mana bidiyo mai kyau marar rawa. Ka kuma tura wa wani wannan rubutu ya ƙaru. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.