The King of Sudanese Jazz: faifan Sharhabil Ahmed, sarkin jaz na Sudan

The King of Sudanese Jazz faifai ne mai waƙoƙi bakwai na mawaƙin Sudan Sharhabil Ahmed, wanda kamfanin Habibi Funk na birnin Berlin a Jamus ya fitar a shekarar 2020. Waƙoƙin tsofaffi ne, an daɗe da sanin su a Khartoum da Omdurman, amma sai da wannan faifai ya fito masu sauraro da yawa a wajen Sudan suka fara jin su. Daga cikinsu akwai "Argos Farfish" da "El Bambi".

Wanda ya saba da jaz na Amurka, irin faifan The Köln Concert da Keith Jarrett ya kaɗa shi kaɗai a kan piyano a 1975, zai yi mamakin abin da zai ji a nan. A bakin mutanen Sudan, jaz na nufin ƙungiyar makaɗa mai jita da ganguna irin na Turawa da kayan busa na ƙarfe. Kiɗa ne na rawa da biki. A cikinsa akwai rock and roll, akwai samba, akwai salon jitar Kwango, amma waƙar da Larabcin Sudan ake rera ta, kuma karinta na gida ne.

Wannan kari shi ne abin da kunnen Bahaushe zai fara kamawa. Yawancin kiɗan Sudan ta tsakiya a kan amo biyar aka gina shi, saɓanin na Masar da Sham, kuma amo biyar ɗin ne ake ji a kiɗe-kiɗe da dama daga Habasha har zuwa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya. Shi ya sa waƙar Sudan ba ta zama baƙuwa a Kano ko Zinder ko Njamena, ko da mai sauraro bai ji kalma ɗaya ba.

An haifi Sharhabil a Omdurman a 1935. Ya yi karatun zane a kwalejin fasaha da ke Khartoum, ya kuma yi shekaru yana zana hotuna a littattafan makaranta da mujallar yara ta al-Sibyan, inda yaran Sudan suka san shi da zanen Ammak Tango. Da garayar Larabawa, wato ud, ya fara kiɗa, daga baya ya koma jita. Matarsa Zakia Abu Gassim ta kaɗa jita a ƙungiyarsa, kuma ita ake ambata a matsayin mace ta farko da ta yi wannan sana'a a Sudan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da mace mai waƙa ta daɗe tana shan tsangwama. Kafin ita, Aisha al-Falatiya, wadda asalinta Bahaushiya ce, ta sha irin wannan gori lokacin da ta fara waƙa a Rediyon Omdurman a shekarun 1940. Ta rasu a 1974.

Rediyon ya cancanci a tsaya a kansa, domin tarihin faifan ba ya fahimtuwa sai da shi. An buɗe shi a 1940, kuma tsawon shekaru shi ne babban ɗakin ɗaukar waƙa a ƙasar. Sana'ar buga faifai ba ta yi ƙarfi a Sudan kamar yadda ta yi a Alƙahira ko Legas ba. Mawaƙi kan je gidan rediyo ya rera, a ɗauka, tef ɗin ya zauna a ma'ajiyar gidan, sau da yawa shi kansa mai waƙar ba ya da kwafi. Sunan mawaƙi zai cika ƙasa alhali babu faifansa a kasuwa.

Siyasa ta ƙara ƙuntata lamarin. Dokokin da Jaafar Nimeiri ya kafa a Satumban 1983 sun rufe yawancin wuraren da irin waɗannan ƙungiyoyi ke wasa da dare, sannan bayan juyin mulkin Omar al-Bashir a 1989 aka tsaurara wa bukukuwa da mawaƙa. Wasu sun bar ƙasar, wasu sun jingine kayan kiɗa.

Faifan Sharhabil na cikin jerin da Habibi Funk ya tono daga wancan zamani. A 2018 kamfanin ya fitar da Muslims and Christians na Kamal Keila, daga tef ɗin da aka ɗauka a gidan rediyo, da kuma Jazz, Jazz, Jazz na ƙungiyar The Scorpions tare da Saif Abu Bakr. A cikin ukun, na Sharhabil ne ya fi saurin shiga rai. Jitarsa ba ta cika surutu, kuma muryar tana zaune daram a kan kiɗan. Sai dai waƙa bakwai ta yi kaɗan ga mutumin da ya shafe gomman shekaru a fage, kuma akwai abin dubawa a ce sai kamfanin Jamus ne ya kai shi kunnen maƙwabtansa na Afirka.

Tun bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, darajar waɗannan faya-fayai ta sauya. Dakarun RSF sun ƙwace harabar gidan rediyo da talabijin na Omdurman a farkon yaƙin, sojojin gwamnati kuma suka karɓe ta a watan Maris na 2024, bayan kusan shekara guda ana gwabzawa a kewayenta. A wannan haraba ce ake ajiye tef ɗin mawaƙan ƙasar tun daga zamanin Aisha al-Falatiya. Waƙoƙi bakwai na Sharhabil kuwa suna nan a intanet da shagunan faifai a ƙasashe da dama.